Karan da Na Sa wa Wuta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Muntari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da innarka. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Tsamiya lafiya, ka sami ɗaki mai ƙofa, ka san inda za ka ɗebi ruwan alwala, ka kuma gano mai tuwon da ba ta rowar miya. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa kai ma ka zama na kirki a wurinsu.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin kayanka. Ka san ni da baki. Ban taɓa rasa abin faɗa a ƙofar gida ba, har innarka takan ce in da magana ake shukawa da mun fi kowa rumbu a garin nan. Rubutu kuwa tun na ajin yaƙi da jahilci ne, ga hannun hagu da ciwon nan ya kashe, ko takardar ba ya riƙe mini sai na danne ta da dutse. Kwana huɗu ke nan ina kanta. Amma akwai maganar da bakin nan nawa ya ƙi ɗauka shekara ashirin da biyu, shi ya sa na ce bari in gwada biro.

Aikenka zan yi wurin wani mutum, kuma aiken ne dalilin duk abin da za ka karanta. Yero nake nufi, Bafulatanin nan da ka tashi kana jin sunansa a bakina, wanda nake cewa ya sako mini shanu sun cinye dawata. Muntari, shanun Yero ba su ci dawata ba. Na san haka tun kana ɗan shekara huɗu. Ina so ka je ka faɗa masa na sani, tun yana da rai ina da rai.

Abin da ya tayar da ni shi ne ranar da abokanka suka zo yi maka ban kwana. Ina kwance a zaure, kuna waje kan tabarma kuna shan shayi. Ɗayansu ya ce sai ka yi hankali, tunda aikin allurar shanu a bakin iyaka da Fulani za ka wuni kullum. Sai na ji ka yi dariya ka ce, "Ni za a hwaɗa ma halinsu? Tun ga gonarmu nis san su. Baba ya sha ba mu labari." Har yadda ka ja ƙarshen maganar irin nawa ne. Ga yaro mai hankali, ya yi karatun dabbobi shekara uku, zai tafi ya zauna cikin mutane, guzurin da na ƙulla masa kuwa ƙarya ce.

Bari in fara daga yadda muke da su, don ba ka riski abin da wayonka ba. Gonarmu ta bakin rafi, tun zamanin mahaifina wanda ka ci sunansa, masaukin gidan su Yero ce. Da damina suna can tudu cikin ƙasar Benin, bayan Segbana. In an yi girbi sai su gangaro, su tsaya a ƙetaren rafi su jira. Ba mai shigo da ko akuya sai kowa ya kwashe amfaninsa, mai gari ya sa an yi shela an saki gonaki. Ranar nan kowane garke ya san gonar da zai nufa. Shanu su ci kara da ragowar harawa, su kwana a wurin wata guda ko fiye, su bar mana taki, sannan su wuce fadamar kogin Kwara su ƙarasa rani. Babu takarda, babu shaidu. Uban Yero da ubana haka suka yi har suka koma ga Allah, mu kuma muka gada. Matarsa takan kawo wa innarka man shanu, innarka ta ɗebo mata dawa da daddawa da kuka.

Kai kanka in an neme ka an rasa, a rugarsu ake samunka, baki duk kindirmo. Yero ne ya fara kama hannunka ya ɗora a goshin saniya. Da ka girma ka ce karatun dabbobi kake so, mutane suna ta tambayar inda ka samo wannan ra'ayi. Na yi shiru, amma na san inda ka samo shi.

Shekarar da abin ya faru dawa ta yi kyau. Na yanke, na ɗaure dami-dami, na tara a tsakiyar gona, saura kwasa. An riga an ce ran Lahadi za a saki gonaki. Ran Juma'a na yi sammako zuwa Bagudo gaishe da wani kawuna marar lafiya, ban dawo ba sai bayan la'asar, na ce bari in biya ta gona. Na tarar an wargaza tarin, dami wajen goma an cinye kawunansu, na kusa da su an tattake. Ina nan tsaye sai ga Labbo, maƙwabcin gonata, Allah ya jiƙansa, da gatari a kafaɗa. Ya riƙe baki ya ce, "Subhanallahi! Ai kuwa da hantsi nig ga shanun Yero bakin rahi. Wa za ya yi wanga aiki in ba su ba?"

Ni manomi ne ɗan manomi, na iya karanta sawu tun ban iya karanta baƙi ba. Garke in ya shiga gona ba ya ɓoyuwa: kofato manya da ƙanana, na maruƙa a tsakani, kashi ko'ina. Abin da ke gabana kuwa sawun dabba biyu ne, manya, da wani layi a ƙasa inda igiya ta yi ta ja, kuma daga wajen gari suka fito, ba daga wajen rafi ba. Idona ya ga wannan duka, don har yau in na so ina iya zana maka shi a ƙasa. Amma kunnena ya riga ya ji suna, ban ko sunkuya ba.

Labbo bai yi ƙarya ba, ka lura da wannan. Ya ga shanu suna shan ruwa a inda ya halatta su sha. Sauran maganar zato ne ya ɗora a kai, ni kuma na haɗiye su tare. A inda ka tafi za a riƙa kawo maka irin wannan kullum: garken wane ne ya shigo da ciwo, wane ne ya ɓoye saniya marar lafiya. Kada ka ƙaryata mai kawo magana, yawancinsu ba maƙaryata ba ne. Ka dai zaunar da shi ka tambaye shi abin da ya gani da idonsa, a ina, da wane lokaci. Sau da yawa abin da zai rage bayan tambayar nan bai fi cikin cokali ba. Sannan ka tashi ka je ka duba da kanka, ko da rana ta take.

Na shigo gida ina huci. Innarka dawowarta ke nan daga gidan suna, ta tare ni da ruwa ta ce, "Malam, bajiman nan hwa, da nid dawo na ishe su..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "An cinye min dawa kina yi min zancen bajimai? Ki bar ni!" Ta bar ni. Abin da take son faɗa shi ne ta tarar da bajimaina biyu na huɗa a sake bakin rijiya, sun tsinke igiya, ita ta kama su ta mayar turke. Igiyar nan kuwa tun kafin kaka take ce mini ta ruɓe, ina cewa gobe zan sake.

Ka ga maganar da za ta fitar da ni tana cikin gidana, a bakin matata, ga kofin ruwa a hannunta, na rufe mata baki. Mutum in ya fusata wanda ya fi ƙin saurara shi ne na kusa da shi, don yana ganin ya riga ya san duk abin da zai ce. Ko matarka ce in Allah ya ba ka, ko abokin aiki, ko mai kawo maka ruwa, duk wanda ya buɗe baki kana cikin fushi ka bari ya kai ƙarshen maganarsa. Ban ce ka bi abin da ya ce ba. Ka dai ji shi, ba ya ɗaukar lokaci.

Da safe na zo ɗaura amalanke in kwaso dawa, babban bajimin ya ƙi tashi. Cikinsa ya kumbura ta gefen hagu, yana ta nishi. Kai da ka yi karatu, daga jin haka ka san abin da ya ci. Ni ma na sani, ba ranar na fara kiwo ba. Amma sai na ce wannan ma ƙarin jarrabawa ce, na ɗura masa kanwa, na je na aro jakunan Labbo. Allah ya aiko mini da hujja har cikin turkena, na tsallake ta na wuce gona.

Da na ɗora dami na ƙarshe na tsaya na dubi karan. Gona cike, ga harawa tsakanin kunyoyi, abincin wata guda. Daga ƙetaren rafi ina jin kukan shanunsu. Shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri a tudu, sun iso a rame, kwana biyar suna jiran Lahadi. Na san wannan duka, kuma don na sani ne na ciro ashana. Iska tana bayana, ba a jima ba gona ta zama baƙa ƙirin. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Daɗin ya raka ni har gida, na ci tuwo na ƙara.

Ba zan ce maka kada ka yi fushi ba, a jininmu yake, kakanka ma haka yake. Shi dai in ya fusata gatari yake ɗauka ya je ya yi ta saran icce har ya huce, shi ya sa gidanmu bai taɓa rasa makamashi ba. Abin da na gano a makare shi ne aikin fushi iri biyu ne, akwai wanda ake warwarewa gobe, akwai wanda ba a warwarewa. In ka yi zagi ana ba da haƙuri. In ka ƙi gaisuwa ana dawowa a gaisa. Da ƙara na kai wurin mai gari, da an zo an duba sawu, an yi mini dariya, an watse. Yanzu kai za a ba ka biro da hatimi, in ka ce garken wane ba ya ƙetarewa, to ba ya ƙetarewa. Duk abin da ka san ba ya warwaruwa ka bar shi ya kwana tukuna, musamman in ka ji yana maka daɗi tun ba ka yi shi ba.

Ran Lahadi da hantsi aka yi shela. Na je na tsaya a gona da gangan, ina son in ga fuskarsa, mutane kuma suka biyo ni kallo. Ya iso a gaban garke, sanda a kafaɗa, da wata ƙaramar ƙwarya a hannu an rufe da faifai. Shanun suka shiga toka suka tsaya suna shinshinar ƙasa.

Ya ce, "Arzika, lahiya? Gobara ta?"

Na ce, "Ni nis sa wuta. Shanunka sun cinye min dawa ran Juma'a, ba su cin karana."

Ya ce, "Shanuna ba su ƙetare rahi ba. Taho ka gwada min sawun. In nawa na, ina sanin su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ni musu."

Na rantse da Allah a gaban mutane cewa nasa ne. Ya sa sandarsa ya tona tokar kaɗan, ya ɗago kai ya ce, "Ai ka ƙone sawun kuma." Ya je ya ajiye ƙwaryar a gindin ɗorawa ya ce, "Ga man shanun Hajo, matata tab ba ni in kawo mata. Allah shi ba mu haƙuri." Ya juya ya kira shanunsa. Ƙwaryar nan ni na ɗauko ta na kawo wa innarka Hajo, kuma mun ci man.

Gidanmu ne babban masaukinsu a garin. Da mutane suka ji rantsuwata, wasu suka hana gonakinsu, wasu suka ce sai sun yi shawara. Kafin azahar Yero da 'yan'uwansa sun tattara sun nufi fadama da shanu masu yunwa. Daga baya na ji maruƙa sun mutu masa a hanya, da wasu tsofaffin shanu. Ban tambayi ko nawa ba, don ba na son in sani.

Da la'asar ina zaune a tsakar gida, innarka ta fito daga turke da fasasshen kasko ta ajiye a gabana. Kashin bajimi ne, cike da ƙwayar dawa, ja, irin tawa, ko narkewa ba ta yi ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Shi nis so in hwaɗa maka shekaranjiya. Ba su yi nisa ba, Malam. In ka hau keke kana cim musu kahin magariba."

Keken yana jingine a zaure, da iska a ƙafafunsa. Na tashi har na kama shi. Sai na tuna da safe na rantse a gaban jama'a. Na tuna Labbo, na tuna masu zaman ƙofar masallaci, yadda za su riƙa nuna ni suna cewa ga Arzika, bajimansa suka ci dawarsa ya je ya ƙone gonarsa. Na saki keken. Na dawo na ce wa innarka maganar nan ta tsaya tsakaninmu, gobe zan san abin yi.

Muntari, duk abin da na yi kafin wannan la'asar ana iya cewa zafin zuciya ne da makanta. Daga nan kuwa da sanina na yi. Wannan nake tsoron a tambaye ni a kabari, fiye da wutar da na sa wa karan. Dariyar da na guje wa, mako biyu za ta yi a manta. Rabin mutanen da na ji kunyarsu yanzu suna maƙabarta, har da Labbo, sun tafi suna ɗaukar ƙaryata gaskiya ce. Za ka yi kuskure a aikinka, babu makawa. Wata rana za ka yi allurar da ba ita ba ce, ko ka ce saniya lafiyarta ƙalau ta faɗi washegari. Ranar da ka gane, ranar za ka je ka faɗa wa mai ita da bakinka. A ranar farko maganar gajeriya ce, "ni na yi, ka yi haƙuri". Ni da na bar tawa, ga shi ta cinye takarda shida ba ta ƙare ba.

Allah ma bai bar ni ba tare da wata dama ba. Bayan shekara biyar na hango Yero a kasuwar Kaoje, yana tahowa ta layin da nake. Ka san abin da ubanka ya yi? Na faɗa rumfar mai yadi na duƙa ina taya abin da ban zo saye ba. Ya zo ya tsaya a bayana, ina ganin inuwarsa a kan yadin. Ya jira. Ni kuwa ina ta shafa yadi ina tambayar ko yana zuba. Da inuwar ta gaji ta wuce. Na dawo gida da yadi mai ruwan ƙasa wanda innarka ta ce ko labulen banɗaki bai cancanta ba, ta yi ta yi mini tsiya, ban faɗa mata dalili ba sai jiya. Mutumin da na zalunta shi ya tsaya yana sauƙaƙa mini, gaisuwa ɗaya kawai ta rage, na kasa.

Da farko in an tayar da zancen shiru nake yi. Daga baya in an ce, "Arzika, ba mu labarin nan," sai in bayar. Dami goma ya koma ashirin, ya koma rabin gona. Duk wanda ya sami saɓani da makiyayi wurina yake zuwa neman shaida, ni kuma ina gyara zama ina bayani, ku kuna gefe kuna ji. Abin da zai ba ka mamaki, akwai ranakun da nake jin haushin Yero da gaske, kamar ya yi mini abin. Don haka ka riƙa lura da labaran da kake yawan bayarwa game da kanka. In ka ga akwai wanda kullum kai ne aka cuta a cikinsa, kuma duk bayarwa yana ƙara daɗi, ka zauna kai kaɗai ka sake duba shi tun daga farko.

Ban ce maka makiyayi ba ya ɓarna ba. Ana yi. Na ga gonar da aka cinye da gangan, mai ita yana kuka kamar yaro. Na kuma ga manoman da suka shuka burtali suka toshe mashaya, sannan suka zo suna ƙara. A cikinsu akwai azzalumi, a cikinmu akwai, ga ɗaya yana rubuto maka takarda. Amma kalmar nan "halinsu" ka cire ta daga bakinka, ni na saka maka ita, ni nake roƙonka ka tofar. Wanda zai tsaya a gabanka mutum ɗaya ne, da sunansa da na ubansa. Ka gaishe shi kafin ka dubi saniyarsa. In tsoho ya ce wannan ba haka take tafiya ba jiya, ka saurare shi, ya san ta tun ranar da aka haife ta, kai yau ka fara ganinta. In sun ba ka nono ka sha. Kada ka yi wa Hausarsu dariya, sai ka ji naka Fulatancin tukuna. In kuma wani ya jawo maka rago don ka rufe ido a kan dabba marar lafiya, ka yi masa godiya ka mayar masa da abinsa, ba sai ka tara masa jama'a ba.

To ga aiken. Wani dillalin shanu da ya zo gaishe ni watan jiya ya ce Yero yana nan, ya daina yawo, ya zauna a wata ruga bayan Segbana ta hanyar Kandi. Idanunsa sun yi rauni, 'ya'yansa ke kiwo. In ka tambayi Yero ɗan Arɗo Sambo a kasuwar shanu za a kwatanta maka. Kada ka je da rigar aiki, kada ka je da babur ɗin ofis, kada su ɗauka hukuma ce ta zo. Ka sayi goro mai kyau. Ƙullin daddawa da kuka da ka gani kusa da takardar nan ba naka ba ne, na matarsa ne. In ka isa ka cire takalmi ka durƙusa, ka kira shi Baffa, haka kake kiransa da. Ka roƙa a tara 'ya'yansa da 'yan'uwansa. A gaban mutane na ɗora masa laifin, ba zan sauke shi a ɓoye ba.

Abin da za ka ce kaɗan ne. Ka ce Arzika ya ce bajimansa ne suka ci dawar. Ya sani tun ranar da kuka tashi, ya yi shiru. Yana roƙon ka yafe masa. Kada ka fara da zancen ciwona don ka sa ya ji tausayi. In ya tambayi abin da ya hana ni zuwa da kaina, gaskiya ne yanzu ba na iya zama a kan babur, amma ciwon nan shekararsa biyu, sauran ashirin ɗin ƙafafuna lafiya suke. Ka ce masa girman kai ne.

Wataƙila ya yafe. Wataƙila ya ƙi, kuma haƙƙinsa ne, shi ya san abin da ya binne a hanyar fadama. In ya ƙi, kada ka matsa masa, kada kuma ka yi fushi a madadina. In ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya faɗi magana mai zafi ka sunkuyar da kai ka ɗauka, tawa ce, ba taka ba. Duk abin da ya ce ka kawo mini shi yadda yake. Na san ka, kana da taushin zuciyar innarka, za ka so ka gyara mini shi a hanya. Kada ka gyara.

Ni ma ba a kwance zan jira ba. Na yi magana da liman, ran Juma'a bayan an sallame za a ɗaga ni in faɗa wa mutanen gari da bakina. Ban san yadda za su dube ni ba, kuma ba zan ce maka ba na jin tsoro ba. Kai ma ina roƙonka ka yafe mini. Uba abin da ya fi bai wa ɗansa shi ne yadda zai riƙa ganin mutane, ni kuwa na ba ka gurɓatacce.

Jiya da na kai nan na karanta wa innarka takardar tun daga farko. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce, "Ka ƙara da cewa ni ma na yi shiru. Shi hwaɗa ma matar Yero, in tana da rai." Na ce mata ai ni na rufe mata baki. Ta ce, "Sau guda kar ruhe. Sauran shekarun ni nir ruhe abina." Na rubuta maka kamar yadda ta faɗa, ka isar.

Sauran nasiha ka riga ka san ta. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci, ka riƙa kiran innarka ko ba ka da abin faɗa. Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na ruwa da na mutum, ya kiyaye mutane daga sharrinka. Allah ya sa hannunka ya zama waraka ga dabbobin bayinsa, ya ba ka abokan zama masu gaya maka gaskiya, ya ba ka kunnen jin ta.

Abu ɗaya ya rage. Kada ka ce sai ka zauna ka saba da wuri, ko sai hanya ta bushe, ko sai bayan salla. Ranar hutunka ta farko ka tafi. Yero ya girme ni da shekara shida, ni kuwa ka ga yadda ka bar ni.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka iske shi, ya sa amsarsa ta iske ni.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Arzika